Ku Tambaya: Zangon gwamnati ko na 'yan kasuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Minnesota, ni da maigida da yara uku. Muna so mu yi hayar motar RV, mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, mu je gandun dajin ƙasa na Yellowstone a watan Yuli. Mahaifiyata za ta bi mu, kuma ba ta barci sai da na'urar taimakon numfashi mai aiki da lantarki. Maigida ya ce mu riƙa kwana a zangon gwamnati don ya fi araha, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da na 'yan kasuwa. Ina mafita? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Da ban ga zancen na'urarta ba, da na goyi bayan maigida kai tsaye, domin ni zangon gwamnati ne abin so na. Amma lafiyar Mama ce za ta raba muku gardama.

Yawancin wuraren kwana na cikin gandun dajin ƙasa a Amurka an tsara su ne tun motoci suna ƙanana. Abin da za ku tarar shi ne fili a ƙarƙashin bishiyoyi, teburin katako, murhun ƙarfe, da famfo da banɗaki na kowa da kowa. Wurin jona wuta babu. A duk faɗin Yellowstone, Fishing Bridge RV Park kaɗai ke da lantarki da ruwa da bututun zubar da ƙazanta a gefen kowace mota. Can ma ba a karɓar tanti ko mota mai jikin tamfol, saboda beyar na yawo a yankin. Kada maigida ya dogara da janareta: a wuraren da aka yarda a kunna shi, daga ƙarfe 8 na safe ne zuwa 8 na dare, wato dole a kashe shi daidai lokacin da Mama za ta kwanta. Batirin motar na iya ɗaukar na'urar dare guda, amma dajin yana kan tudu, sanyi na sauka da dare ko a Yuli, kuma fankar hita ma daga batirin nan take sha. Ni ba zan yi kasada da numfashin dattijuwa a kan haka ba.

Saboda haka ku fara neman Fishing Bridge tun yau. Gurabensa na bazara suna ƙarewa da wuri. In kun rasa, garin West Yellowstone na Montana, a bakin ƙofar yamma, cike yake da zangon 'yan kasuwa.

Me kuɗinku zai saya a wurin 'yan kasuwa? Wuta mai ƙarfin amfiya 30 ko 50, ruwa, injin wanki, wurin wanka mai ruwan zafi, intanet, sau da yawa har da wurin iyo na yara. Kamfanin KOA, wanda ya fara a Billings ta Montana a 1962, yana da rassa sama da 500, kuma Billings ɗin tana kan babbar hanyar I-90 da za ku iya bi. Sai dai ki shirya wa cunkoso. A wasu wuraren ana jera motoci kamar ashana a kwali, ki buɗe taga ki ga bututun maƙwabci kusa da teburin cin abincinku. Kuɗin ma yakan ninka na gwamnati, wasu kuma suna ƙara caji idan mutane sun wuce adadin da suka ƙayyade. Ku shida ne, ku tambaya kafin ku biya.

Akwai hanya ta tsakiya da mutane ke mantawa da ita, wato wuraren shaƙatawa na jihohi. Custer State Park a South Dakota yana kan hanyarku, da yawan gurabensa suna da lantarki, ga fili, ga garken bauna irin ta Amurka da yara za su gani ido da ido. Cedar Pass a Badlands ma, ko da yake gandun dajin ƙasa ne ba na jiha ba, yana da wasu gurabe masu wuta. A nan maigida zai samu rangwamen da yake nema ba tare da an taɓa lafiyar Mama ba.

Filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, da ake kwana kyauta, galibi har kwana 14, ku bar su sai wata tafiyar. Babu ruwa, babu wuta, sau da yawa babu sabis ɗin waya.

Kafin ku kama ko'ina, ku tambayi masu hayar motar ainihin tsawonta da irin wutar da take ɗauka, domin kowane gurbi da iyakarsa. Katin shekara na America the Beautiful kuɗin shiga gandun dajin ƙasa yake ɗauke muku, ban da na kwana. Sannan ku saya wa na'urar Mama batiri nata na daban, ku gwada shi dare guda a gida kafin ranar tafiya, domin ko zangon da ke da wuta yakan samu ɗaukewa.