Ka Tsinci Shaho da Karyayyen Fiffike? Amsoshin Tambayoyin Manoma

Tambayoyin wannan karon duk a kan tsuntsaye masu farauta suke: shaho, shirwa, mujiya da ungulu. Na haɗa su wuri ɗaya don yawanci manomi ne ke fara cin karo da irin wannan tsuntsu in ya ji rauni, kuma abin da aka yi masa a yinin farko shi ke nuna ko zai sake tashi ko a hannu zai mutu.

Wani manomin shinkafa daga yankin Haɗeja ya ce: "Malam, yara ne suka harbo shaho da danko a bakin fadama, fiffike ɗaya yana ja a ƙasa. Na ƙwace shi na sa a kejin waya, na zuba masa dawa, na ɗura masa ruwa. Yau kwana biyu ko kallon abincin bai yi ba. Yaya zan yi?"

Allah Ya saka da alheri, Malam, da ka raba shi da yaran. Amma kejin da dawar da ɗurar, duk ukun a daina su yau.

Fara da kejin. Shaho ɗan daji ne, duk wanda ya leƙo shi maƙiyi yake ɗaukarsa. A kejin waya zai yi ta dukan kansa har ya kakkarya gashin fiffike da na wutsiya, ya fasa saman bakinsa, karayar da fata ta rufe ta ɓullo waje. Ka nemi kwali wanda zai iya tsayawa a ciki amma ba zai samu filin buɗe fukafukai ba. Ka huda ƙananan ramuka a gefe, ka shimfiɗa tsohon zani, ka ajiye a ɗaki mai duhu, nesa da rana da hayaƙin murhu da kyanwa da kajinka. Duhu na kwantar masa da hankali fiye da duk abin da za ka iya ba shi. A hana yara zuwa kallo.

In za ka kama shi, ka jefa masa zani a ka. Da idonsa ya rufu zai lafa. Ka haɗe fukafukan da jikinsa ta baya, ka riƙe ƙafafun biyu. Mutane bakin suke tsoro, alhali makamin shaho a ƙafa yake. In ya damƙe ka kada ka fizge, wani ya zo ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ɗura kuwa tana kashe tsuntsu. Ƙofar hanyar numfashinsa a gindin harshe take, ruwan da ka zuba sai ya zarce huhu. Ka ajiye masa ruwa a faranti marar zurfi, ko ka riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan a gefen baki yana haɗiyewa da kansa.

Ko zai mutu da yunwa ba zai ci dawa ba, haka tuwo, haka nono. Ɗanyen nama yake ci. Ka yayyanka jan nama marar kitse ƙanana, ka tsoma a ruwa, ka ajiye masa ka ba shi wuri. Wanda ya fi shi ne ɓeran da tarko ya kama, da gashinsa da ƙashinsa, ko ƙadangare, ko fara daga gonar da ba a yi wa feshi ba. Ban da gishiri, ban da soyayye. Ka shafa ƙirjinsa ka ji: in ƙashin tsakiya ya fito kamar bakin wuƙa, ya rame sosai, irin wannan kuma in aka cika masa ciki lokaci guda abincin na iya ruɓewa a maƙoƙo. Loma biyu ko uku, a dakata sai ta wuce, sannan a ƙara.

Maganar karaya ita ce ta gaggawa. Ƙashin tsuntsu ya fi namu saurin kamawa, cikin mako biyu zuwa uku ya haɗe, ko daidai ko a karkace. Kaza in ta warke a karkace ba abin da ya dame ta, tsabarta na ƙasa. Shaho da fiffike yake neman abinci. Don haka ka kai shi wurin likitan dabbobi cikin kwanakin nan, kada ka bari sati ya zagayo. Ka fara da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa da kai. Aiki mai wuya kuwa, asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri su ne gaba. Kada ka ɗaure fiffiken da kara da tsumma irin ɗorin akuya, don in ɗauri ya daɗe gaɓar sandarewa take yi, tsuntsu ya warke amma ba tashi.

In akwai ciwo a fata, ka tafasa rabin lita na ruwa, ka sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, in ya huce ka wanke. Ka duba ko ƙuda ya yi tsutsa a ciki. Kada a shafa baƙin mai ko man shafawa ko toka, kuma kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: in ƙashin ya huda fata ya bushe, ko karayar a kan gaɓa take, da wuya ya sake tashi. A nan ka bar wa likita hukunci. Wani lokaci hutar da tsuntsun ya fi a tsare shi shekaru a keji.

Wata uwargida daga Funtuwa ta ce: "Farar mujiya ta yi 'ya'ya a rufin ɗakin da muke ajiye masara. Ɗaya ya faɗo ƙasa. Maigida ya ce a kashe su duka don mugun abu ne. Ni kuma tausayi ya hana ni."

Hajiya, ki roƙi maigida ya yi haƙuri ya duba abin da ke ƙarƙashin sheƙar. Zai ga wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe. Ya fasa ɗaya da tsinke, gashi da ƙasusuwan ɓera zai tarar, domin mujiya haɗiye ɓera take yi ɗungurungum, ta amayo abin da bai narke ba. Mace da namiji da 'ya'yansu suna cin dubban ɓeraye a shekara, ba ladan aiki, ba kuɗin magani. Abin da ya kawo ta ɗakin masararku ke nan, ba wani saƙo ba. Batun camfi kuwa, Annabi (SAW) ya kore camfi da tsuntsaye, a hadisin har da ambaton mujiya.

A wasu ƙasashen gayyatarta ake yi. Manoman Isra'ila tun 1983 suka fara kafa mata akwatuna a gonaki don su rage zuba gubar ɓera, daga baya manoman Jodan da na Falasɗinu suka shiga. A Malesiya haka ake yi a gonakin kwakwar manja. Mu da ɓera ke kawo mana zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ai mun fi kowa buƙatarta kusa da rumbu.

Shi ɗan da ya faɗo, a mayar da shi sheƙa kafin magariba. Farar mujiya ba ta ciyar da ɗan da ke ƙasa, wanda ke sheƙa kaɗai take sani. Zancen wai in mutum ya taɓa shi uwar za ta ƙi shi ba gaskiya ba ne. A sa tsani, a rufe shi da zani, a ajiye shi cikin 'yan'uwansa. Kada ki yi mamaki in kin ga wani babba wani ƙarami, ba rana ɗaya ake ƙyanƙyashe su ba.

Kada ki ce za ki rene shi da kanki. In tsokar nama zalla aka ba shi, babu ƙashi, ƙafafunsa lanƙwashewa za su yi don rashin sinadarin gina ƙashi. In kuma ya saba da hannun mutum tun yana ƙarami, ba zai san kansa mujiya ba ne, ranar da aka sake shi wurin mutane zai nufa, kin kuwa san tarbar da za a yi masa.

Sharaɗi guda: muddin suna nan a daina sa gubar ɓera a gidan. Ɓeran da ya ci guba ba nan take yake mutuwa ba, yana tangaɗi a fili, shi ne kuma mafi sauƙin kamu. Uwar ta kai wa 'ya'ya, gida guda ya ƙare. A koma tarko. Gam ɗin ɓera ma a sa shi inda tsuntsu ba zai kai ba. In ya riga ya maƙale, da man gyaɗa ake saki a hankali, a wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ba kananzir ba.

Wani makiyayi daga gefen Gumel ya ce: "Saniyata ta mutu muka jefar bayan gari. Washegari na tarar da ungulu biyu matattu, ɗaya kuma tana kwance tana dalalar da miyau, yatsunta a dunƙule."

Alamun guba ke nan. Tambayar ita ce me ke jikin gawar. Wasu na barbaɗa maganin ƙwari irin su Furadan ko Sniper a mushe don karnuka ko dila, wasu kuma ungulun suke nema su kai wa masu sayar da kayan tsibbu. Ka binciki ko wani ya taɓa mushen bayan kun tafi. Kafin komai, a ƙone gawar saniyar da matattun tsuntsayen ko a binne da zurfi, in ba haka ba gobe wasu za su sauka, karnukan garin ma ba su tsira ba.

Mai ran kuma, ka sa safar hannu ko leda. Ita ungulu saɓanin shaho ce, bakinta ne abin tsoro, don haka kai ake fara riƙewa. Za ta yi amai, wannan ɗabi'arta ce in ta tsorata, a nan ma taimako ne, ka dai bar kan yana kallon ƙasa. Kada a ɗura mata manja ko madara. Akwai allurar da likitan dabbobi ke yi wa irin wannan guba, atirofin, tana aiki ƙwarai in an kai da wuri, wato cikin sa'o'i.

Ka kuma tuna maganin da aka yi wa saniyar kafin ta mutu. A Indiya, allurar ciwon jiki ta diclofenac da ake yi wa shanu ita ta kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu jinsunan ungulu, ƙoda take lalata musu, har gwamnati ta hana amfani da ita a dabbobi a 2006. Da ungulun suka ƙare karnukan titi suka yawaita a kan mushe, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Meloxicam na yin aikin ba tare da cutar da su ba, shi za ka nema. Dabbar da ta mutu tana kan magani, binne ta ake yi.

Duk wanda ya girma kusa da mahauta ya san yadda ungulu ke cika rufin kwano da bishiyoyin kasuwa a da. Yanzu sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba. Tun 2015 aka sa wannan ƙaramar ungulun tamu ta gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, tana wayar da kai a kanta.

Gargaɗi ga mai kaji: in ba mushe a kusa, sai ka ga tsuntsaye na mutuwa haka kawai ko suna karkata wuya, kada ka taɓa, kada ka kawo gida. Mai yiwuwa murar tsuntsaye ce. A wata gonar kaji a jihar Kaduna aka fara tabbatar da nau'inta mai tsanani, H5N1, a Afirka a 2006, kuma tsuntsu mai cin nama na ɗauka daga gawar da ya ci. Ka sanar da ofishin dabbobi su ɗauki samfuri zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato.

Wata mai kiwon kajin gida ta ce: "Shirwa ta kwashe mini 'yan tsaki bakwai cikin goma. In sa guba a nama?"

A'a, Hajiya. Kyanwarki ko karen maƙwabta ne zai riga ta, in kuma kin kashe wannan wata za ta gaje wurin. Ki tsare 'yan tsakin da uwarsu a akurki ko ƙarƙashin babban kwando har su yi mako shida, ki riƙa ba su tsaki da ruwa a ciki. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan sanduna huɗu ya isa ya zama filin kiwonsu. In sun fara fita, ki tara ƙaya ko karan dawa a tsakar gida inda za su faka in uwar ta yi ƙara.

Tambaya ta ƙarshe, daga Nguru: "Na yi jinyar wani tsuntsu mai kama da shaho, da zobe a ƙafarsa. Ya warke. Na yanke masa gashin fiffike don kada ya gudu. In sayar ko in saki?"

Sayarwa babu. Dokar kare namun daji ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta taƙaita kamawa da cinikin irinsu. Zoben kuwa masu bincike ne suka sa, mai yiwuwa a Turai, don da yawansu kan ƙetaro Sahara bayan damina su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru, wasunsu fara suke ci. Kada ka cire. Ka ɗauki hoton lambar da waya, ka rubuta rana da wurin da ka same shi, ka aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos.

Yanke gashin ne ya jawo jinkiri. Gashin da aka yanke ba ya tsirowa sai lokacin da tsuntsun ya zubar da tsohon da kansa, abin da kan ɗauki watanni, wani har shekara. Kada ka tuge, tugewa na iya lalata gurbin. Masana na dasa gashin wani tsuntsu irinsa da ɗan siririn gora da gam, amma wannan aikin gwani ne. Ka tuntuɓi jami'an gandun daji na yankinku, a samar masa ɗaki mai faɗi da sandar sauka.

Kafin saki a ga yana tashi daga ƙasa zuwa sama ba tangarɗa, fukafukan biyu daidai, idanu biyu lafiya, ƙafafu biyu na damƙa, ƙirji ya ciko. A kai shi inda aka tsince shi, da safe, ranar da ba iska ba hazo. Mujiya ce ake jira sai magariba. A ajiye kwalin a ƙasa, a buɗe, a ja da baya. Kada a cilla shi sama, in ya ɗauki minti ashirin bai fito ba a ƙyale shi sai ya ga dama.