Me Ya Sa Allon Zaren Rama Ke Tsagewa In An Huda Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Zariya. Na haɗa allo da zaren rama da rezin, wato wani ruwa mai danƙo da ke daskarewa ya riƙe zaren, ya bushe ya yi ƙarfi. Amma da na sa masa diril sai bakin ramin ya yi gashi-gashi, ta baya kuma ya ɗaye. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka karaya da wannan aiki. Toyota ma tana sa rama a allunan cikin ƙofar wasu motocinta, don zaren rama bai fi rabin nauyin zaren gilas da kaɗan ba, wato zaren da ake yi da gilashi wanda aka saba haɗa irin wannan allo da shi.

Zaren gilas karyewa yake yi nan take in kaifin diril ya same shi. Na rama kuwa lanƙwasawa yake, ya kauce wa kaifin, shi ne gashin da kake gani. Ɗayewar baya kuma hannunka ne ke jawo ta. Idan bakin diril ya kusa ɓulla, ninkin da ya rage ya yi siriri, ba abin da ya tokare shi, sai dannawar ta ɓamɓare shi kafin a yanke shi.

Ka nemi sabon bakin diril mai kaifi, irin na katako mai tsini a tsakiya, don gefensa ne ke fara yanke zaren. Ka ɗora allon a kan wani katako, ka matse su tare, ka huda har cikin na ƙasan. Ka bar injin ya yi gudunsa, amma ka sassauta hannu, musamman dab da fita. In ka ji ƙauri ko ka ga bakin ramin ya yi ja, ka ɗaga, don zaren tsiro yana fara lalacewa in zafi ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Celsius, rezin kuma tun kafin nan ya yi laushi. Kada ka sanyaya da ruwa, rama shan ruwa take ta kumbura. Saboda haka ma, ka shafe cikin kowane rami da rezin kafin damina.

A ganina, rabin gyaran tun kafin haɗi yake. Ka jiƙa zaren a ruwan soda ta yin sabulu, wajen kashi 5 cikin 100, da safar hannu, ka wanke shi tas, ya bushe ƙayau, sannan rezin zai kama shi da kyau. Ka kuma sa takunkumi in za ka goga da samfefa.