Wake Ɗaya Ke Ɓata Gari: Amsa Kan Rikicin Tea Party a Amurka

Tambaya: Malam, ina karanta tarihin ƙungiyar Tea Party ta Amurka. Wani ya kira su masu ra'ayin riƙau, wani masu tsattsauran ra'ayi, wani kuma masu wariyar launin fata. Duk abu ɗaya ne? Kuma abokina ya ce labarinsu shi ne "wake ɗaya ke ɓata gari". Karin maganar ta dace? (Daga wani ɗalibi a Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, ba abu ɗaya ba ne, kuma cakuɗa su zalunci ne. Riƙau daga riƙe ya fito: wanda ya riƙe abin da ya gada, ba ya son a sauya masa da gaggawa. Shi ne ake ce wa ɗan mazan jiya. Tsattsaura daga tsauri, wato wanda ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan. Wariya kuwa daga ware, a fitar da mutum gefe saboda fatarsa ko asalinsa. Na farko matsayi ne na siyasa, na biyu hali ne, na uku cuta ce da ake yi wa wani. Akwai ta huɗu da malamai suka aro daga Larabci, ta'assubanci, wato goyon bayan naka ido rufe ko da shi ne da laifi. A ganina ita ce ta fi kusa da abin da aka zargi shugabannin ƙungiyar da shi.

Tea Party ta taso a 2009, farkon mulkin Barack Obama, daga fushin mutane kan haraji, da bashin gwamnati, da kuɗin da aka zuba don ceto bankuna. Sunan ya samo asali ne daga boren 1773, lokacin da aka zubar da ganyen shayin Turawan Ingila a tashar jiragen ruwa ta Boston. Wanda ya ce haraji ya yi yawa bai ware kowa ba. Amma a watan Maris na 2010, ana zanga-zangar adawa da dokar inshorar lafiya a Washington, 'yan majalisa baƙar fata, ciki har da John Lewis, wanda ya sha duka a zanga-zangar neman 'yancin baƙar fata a garin Selma a 1965, suka ce an jefe su da kalmar ƙasƙanci. Magoya bayan ƙungiyar suka musanta, suka ce a kawo bidiyo. A watan Yuli, ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta zartar da ƙuduri a taronta na Kansas City, tana neman Tea Party ta barranta daga masu wariya da ke cikinta.

To, karin maganar. Da farko, garin da ake nufi na tuwo ne, wanda ake jan wasalinsa na farko, ba garin da mutane ke zaune ba, kodayake da yawa suna ɗaukarsa haka. Ɗanyen wake yana da gafi. In ya shiga cikin gero aka niƙa su tare, gafin ya bi gari, ba mai iya raba su kuma. Ka lura karin maganar ba ta ce geron ya zama wake ba. Gargaɗi take yi wa mai tsintar hatsi: ta zauna da faifanta ta cire shi tun kafin a kai niƙa.

Waken Tea Party yana da suna, Mark Williams, mai magana da yawun reshen Tea Party Express. Tun kafin nan ya zagi addinin Musulunci da lafazin da ba zan maimaita ba, kan batun gina cibiyar Musulmi a New York, kuma ya ci gaba da riƙe muƙaminsa. Bayan ƙudurin NAACP sai ya rubuta wasiƙar izgili, wai baƙaƙen fata ne ke roƙon Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka da ya 'yanta bayi, ya mayar da su bauta don 'yanci yana buƙatar aiki. Nan ne gamayyar ƙungiyoyin Tea Party ta ƙasa ta kore shi, ta haɗa da reshen nasa da ya ƙi rabuwa da shi. An tsince waken, amma sai da aka yi ta nuna shi da yatsa daga waje. Saboda haka abokinka ya yi daidai, muddin bai yi amfani da karin maganar don wanke kowa ba. Tea Party ɗin nan ce dai ta mara wa Tim Scott da Allen West baya, baƙaƙen fata biyu da suka shiga majalisar wakilai a zaɓen Nuwamba 2010, kuma ita ce ta daɗe tana kau da kai daga Williams.

Tambaya: Malam, ashe ba "idan ɓera da sata, daddawa ma da wari" ya fi dacewa ba, tunda masu zargin ma sun yi kuskure? (Daga wata malamar makaranta a Maraɗi)

Amsa: Malama, a yi hattara da wannan. Tana ɗora wa wanda aka cuta wani kaso na laifin, kamar shi ya jawo. Ba zan faɗa wa John Lewis ita ba.

Kuskuren da kike nufi dai ya faru. Kwanaki kaɗan bayan ƙudurin, Andrew Breitbart, ɗan jarida mai goyon bayan Tea Party, ya saki guntun bidiyon Shirley Sherrod, baƙar fata, jami'ar ma'aikatar noma a jihar Georgia, kamar tana alfahari da ƙin taimaka wa wani manomi farar fata. Ma'aikatar ta tilasta mata ajiye aiki, NAACP ma ta yi tir da ita. Da cikakken bidiyon ya fito sai aka ga labarin 1986 take bayarwa, kan yadda ta yaƙi son zuciyarta ta taimaki mutumin har bai rasa gonarsa ba. Manomin da matarsa suka fito suka shaide ta, gwamnati ta ba ta haƙuri, NAACP ta janye maganarta. Mukan ce gani ya kori ji, amma a nan rabin gani aka yi, kuma da shi aka raba mace da aikinta cikin yini guda.