Satar sirri daban, karanta shi daban

Ɗana, ka ce tun da ka fara koyon nazarin bayanan sirri abu ɗaya ke ci maka tuwo a ƙwarya: ƙasar dimokuraɗiyya ƙofarta a buɗe take, 'yan jarida na tono, majalisa na tuhuma, alhali gwamnatin kama-karya ta garƙame komai. Shi ne kake tambaya ko ba kullum mai kama-karya ne zai yi galaba ba.

In maganar shiga gidan wani ce a kwaso, ka yi gaskiya, ya fi samun sauƙi. Günter Guillaume ya tsallaka Jamus ta Yamma a 1956 da sunan ɗan gudun hijira, ya shiga jam'iyyar SPD, ya yi ta hawa sannu a hankali har ya zama na hannun daman shugaban gwamnati Willy Brandt, duk yana yi wa Stasi, hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, aiki. Aka kama shi a Afrilun 1974, a watan Mayu Brandt ya yi murabus. To amma koma baya shekara biyu. A 1972, da 'yan adawa suka so kayar da Brandt a majalisa, Stasi ɗin nan ce ta ba ɗan majalisa na ɓangaren adawa Julius Steiner Mak 50,000, kuɗin Jamus ta Yamma, don ya ƙi mara wa jam'iyyarsa baya, saboda manufar Brandt ta sassautawa da Gabas tana yi musu rana. Ka ga ke nan mutumin da suka kashe kuɗi suka tsare, ɗan leƙen asirinsu ne ya yi sanadin faɗuwarsa. Markus Wolf, wanda ya shugabanci sashen ƙetare na Stasi, daga baya da bakinsa ya yarda asara suka tafka.

Samo labari shi ne ƙaramin aiki. Bayansa akwai tantancewa, sannan akwai mafi wuya, wato ka tsaya gaban mai yanke shawara ka faɗa masa abin da ba ya son ji. Nan ne kama-karya ke yin tuntuɓe.

Ba shugaban da aka yi wa gargaɗi irin wanda aka yi wa Stalin na Tarayyar Soviet a 1941 cewa Jamus za ta kawo masa hari. Ɗan leƙen asirinsa Richard Sorge ya aiko daga Tokyo, wata majiya a cikin ma'aikatar sojan saman Jamus ita ma ta ce an gama shirin kai hari. Da rahoton nan ya isa teburinsa ranar 17 ga Yuni, ashar ya rubuta a jiki, ya ce majiyar mayaudariya ce. Kwana biyar bayan haka sojojin Hitler suka ƙetara iyaka. Ka tuna kuma, a 1938 aka harbe Yan Berzin, tsohon shugaban leƙen asirin soja. Wa zai yi musu da maigida bayan ya ga haka? Ciwon bai warke ba. A 1981 Yuri Andropov, shugaban KGB, hukumar leƙen asirin Soviet, ya umarci jami'ansa na ƙasashen waje su riƙa tattara alamun cewa Amurka na shirin kai harin nukiliya ba zato. Oleg Gordievsky, jami'in KGB a Landan da ke yi wa Ingila aiki a ɓoye, ya bayyana yadda abokan aikinsa ke aika rahoton da su kansu ba su yarda da shi ba, don shi ake so a Mosko. Mosko ta karanta ta ƙara tsorata, ta nemi ƙari.

Kada ka saki jiki ka ce wannan cutarsu ce su kaɗai. Ranar 5 ga Fabrairun 2003 Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya gaya wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Iraƙi na da motocin haɗa makamai masu yaɗa cuta. Ginshiƙin maganar mutum ɗaya ne, wani ɗan Iraƙi da ke hannun BND, hukumar leƙen asirin Jamus, wanda ake kira Curveball, kuma a 2011 ya fito ya ce ƙarya ya shirya. Ba a harbe manazarci ko ɗaya a Washington ba; sanin abin da manya ke so kaɗai ya isa ya lanƙwasa alƙalami. Bambancin ya zo ne daga baya. Majalisar dattawan Amurka ta fitar da rahotonta a 2004, Ingila ta yi binciken Butler a shekarar, sannan na Chilcot a 2016, aka baje kuskuren a fili kowa ya karanta. Tonon sililin da kake gani kamar rauni ne, shi ke tilasta gyara. Haka kwamitin Sanata Frank Church ya yi wa CIA da FBI a 1975, wanda ya haifar da dokar 1978 da ta sa wa aikin leƙen asiri linzami. Hannun dimokuraɗiyya kuwa ba tsaf yake ba: a 2013 CIA ta amsa cewa da ita aka kifar da firaministan Iran Mohammad Mosaddegh a 1953.

Wannan ya kawo mu yaƙin farfaganda, inda tsoronka ya fi ƙarfi. A 1983 wata jarida a Indiya mai suna Patriot ta buga wasiƙa marar sa hannu, wai Amurka ce ta ƙirƙiri cutar ƙanjamau. Shiru. A 1985 jaridar Literaturnaya Gazeta ta Mosko ta ɗauko maganar tana kafa hujja da ta Indiya, a 1986 wani masani a Jamus ta Gabas, Jakob Segal, ya yi mata rigar kimiyya, daga nan ta zaga duniya. A 1992 Yevgeny Primakov, shugaban leƙen asirin ƙetare na Rasha, ya yarda aikin KGB ne. Me ya sa ta kama? Domin a 1972 an riga an gano gwajin Tuskegee a Amurka, inda aka bar baƙar fata ɗaruruwa da ciwon tunjere ba magani shekara arba'in. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanin Internet Research Agency na Saint Petersburg a Rasha, da ya yi amfani da Facebook a zaɓen Amurka na 2016, tsagar launin fata da ta bindiga da ta addini ya bi, bai ƙirƙiro sabuwa ba.

Saboda haka rahoton da kake rubutawa, sake rubuta shi. Bi kowace magana zuwa inda ta fara fitowa. In jaridu goma duk daga wasiƙa ɗaya suka ɗebo, rubuta majiya ɗaya. Ware abin da majiyarka ta gani da idonta daga abin da aka gaya mata, ka ware su duka daga abin da kai kake zato. Sakin layin nan da ka cire don kana ganin ba zai yi wa shugaban sashe daɗi ba, mayar da shi, ka sa shi a shafin farko, ka kawo mini in duba kafin ka miƙa.