Tambaya da Amsa: Ko ya dace in rufe tsagewar tayil da darduma kafin masu sayen gida su zo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna shirin sayar da gidanmu, kuma mun kwashe yawancin kaya, sai kujerun falo da gado ɗaya da teburin cin abinci da muka bari saboda masu zuwa dubawa. Damuwata ita ce akwai tsagewa a ƙasan falo wadda ta ratsa tayil huɗu ko biyar a jere, sannan kusurwar da ke jikin bangon banɗaki ta yi duhu, wani lokaci har wari take yi. Dillalinmu ya ce kada mu kashe kuɗin gyara, mu sayi babbar darduma mu shimfiɗa a kai, wai kowa haka yake yi. Hankalina bai kwanta ba. Shin hakan daidai ne? Idan kuma darduma tana da amfani wajen sayar da gida, wane girma ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana bisa hanya, amma bari in fara sallamar ki a kan batun girma, tunda shi ne mai sauƙi.

Aikin darduma a gidan da aka sa a kasuwa shi ne ta nuna wa mai saye inda za a zauna da kuma yawan filin da ya rage, domin ɗakin da aka kwashe kayansa yakan rikita ido, mutum ya kasa ƙiyasta abin da zai ɗauka. A falo, ki tabbatar ƙafafun gaba na kowace kujera sun hau kan dardumar, kuma ki bar tsakanin santimita 30 zuwa 45 na ƙasa a buɗe tsakanin bakinta da bango. Matsakaicin falo yawanci mai santimita 200 da 300 yake buƙata, ita kuwa mai 160 da 230 ta ƙaramin wuri ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen 'yar ƙarama da za ta zauna ƙarƙashin teburin tsakiya ita kaɗai, kujeru na kewaye da ita daga nesa, sai falon ya ƙara tsukewa a ido. A wurin cin abinci ta zarce teburin da aƙalla santimita 60 ta kowane gefe, yadda idan an ja kujera baya ba za ta sauka daga kanta ba. A ɗakin kwana ta shiga ƙarƙashin gado, ta leƙo da kamar rabin mita hagu da dama. Ki zaɓi launi mai sanyi marar hayaniyar zane, ki gwada ko ƙofa tana buɗewa ba tare da ta kama ta ba, ki kuma sa shimfiɗar hana zamewa a ƙarƙashi, saboda baƙi ne za su riƙa yawo idonsu na kan rufi da tagogi. Ƙananan dardumomin ƙofar banɗaki da na kicin kuwa ki naɗe su gaba ɗaya.

Yanzu ga abin da ya sa kika rubuto. Babu maganar da take ɓata mini rai a wannan sana'a tamu ta ƙawata gida kamar wannan ta "shimfiɗa darduma a kai, kowa haka yake yi", kuma kusan kullum sai na ji ta daga bakin mutanen da ba su taɓa ɗaga tayil ɗaya sun ga abin da ke ƙarƙashinsa ba. Ƙawata gida domin sayarwa sana'a ce ta fito da kyawun da yake akwai. Daga lokacin da aka shimfiɗa abu da niyyar kada mai saye ya ga aibi, an bar ƙawatawa an shiga ha'inci, ko da dardumar ta kai ko'ina kyau.

Ki lura da abin da kika bayyana mini da kanki. Tayil ɗaya da ya fashe saboda wani abu mai nauyi ya faɗo masa ƙaramin lamari ne, a cire shi a sa wani. Tsagewar da ta bi layi ta ratsa tayil da yawa a jere kuwa galibi tana nuna cewa simintin da ke ƙarƙashi ne ya tsage ko ya motsa, tayil ɗin ya bi shi. Ki durƙusa ki shafa da yatsa: idan gefe ɗaya na tsagewar ya fi ɗayan tudu, ko kuma tana ƙara faɗi da tafiyar lokaci, wannan aikin injiniyan gini ne ya duba. Ki ɗauki kwabo ko maƙulli ki riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗin da ke kewaye. Wanda ya kama da kyau ƙararsa a daskare take, wanda ya saki kuwa za ki ji yana amsa kuwwa kamar babu komai a ƙasansa. Duk mai saye da ya zo da masani, wannan gwajin za a fara yi, kuma kafin a yi shi sai an ɗaga gefen dardumar.

Kusurwar nan mai duhu ta fi tsagewar damuna. Duhu da wari a jikin bangon banɗaki ruwa ne, ko daga bututun da ke yoyo a cikin bango, ko daga ƙasan banɗakin da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsa, ko kuma laima da ke tasowa daga ƙasa. A yanzu da wurin yake a buɗe, iska tana ɗan busar da shi. Ranar da kika rufe shi da darduma, musamman mai roba a bayanta, danshin ya rasa mafita, kuma fumfuna kan fara kama abu mai jiƙa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Bayan makonni kaɗan warin da kike ji jefi-jefi zai cika falon, bayan dardumar ya yi baƙi, ita ma kin yi asararta. Ke da kika saba da gidan hancinki ba lallai ya kama ba, amma baƙo daga bakin ƙofa zai ji. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Idan kina son tabbatarwa, ki yanko leda mai kauri kamar santimita 45 kowane gefe, ki manna gefunanta huɗu a wurin da salatif, ki bar ta kwana guda. Idan kin ɗaga kin ga raɓa a jikinta ko ƙasan ya ƙara duhu, ruwa yana fitowa daga ciki.

Sai kuma abin da masu wannan shawara ba sa faɗa. Mai saye da ya ga tsagewa a fili zai tambayi kuɗin gyara, a rage masa, a wuce wurin. Mai saye da ya gano ta ƙarƙashin sabuwar darduma ya daina yarda da komai a gidan: zai zargi rufi, ya zargi wayoyin lantarki, ya zargi sabon fentin da kika yi da zuciya ɗaya, sai ragin da zai nema ya ninka kuɗin gyaran, idan ma bai juya ya tafi ba. Idan kuwa bai gano ba sai bayan an biya, maganar ba ta mutu ba. Dokokin ƙasashe da dama, har da waɗanda suka ɗora wa mai saye nauyin dubawa da kansa, ba sa kare wanda ya ɓoye aibi da gangan, kuma a fikihun ciniki ma mai saye yana da zaɓin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. A ranar da aka dawo da wannan magana, dillali ya riga ya karɓi la'adarsa ya kama gabansa, sunanku ne a takardar ciniki. Ban ce duk dillalai haka suke ba, akwai masu amana a cikinsu, amma wanda ya ba ku wannan shawara gaggawar la'adarsa ya duba.

Akwai bambanci tsakanin wannan da ƙananan alamun tsufa, irin ƙarcewar da ƙafar kujera ta bari ko dusashewar launi a inda rana ke bugawa. Idan tsarin zama ya sa darduma ta faɗo a kan irin waɗannan, babu laifi, matuƙar za ki ɗaga ta da hannunki ki nuna wa duk wanda ya zo da gaske. Ki kuma kiyaye cewa ita kanta darduma tana iya barin tabo: mai roba a baya takan mayar da ledar ƙasa rawaya, tabon da ba ya wankuwa, ƙasan katako kuma yakan canza launi a inda haske ke taɓawa ya bar shatin dardumar idan ta daɗe a wuri guda.

Saboda haka ki fara kiran mai gyaran famfo ya gano inda ruwan yake fitowa, domin canza tayil kafin a tsayar da yoyo asarar kuɗi ce. Bayan wurin ya bushe sosai, masani ya duba tsagewar, a gyara, ki ajiye rasit ɗin aikin ki nuna wa mai saye. Idan babu halin gyara yanzu, ku bar kusurwar da layin tsagewar a buɗe, ku rubuta su a yarjejeniyar ciniki, ku daidaita farashi a kan haka. Dardumar ta tsaya a wurin zaman kujeru kawai, kuma idan za a ɗauki hotunan talla, a ɗauki falon da ita a shimfiɗe, a kuma ɗauki guda bayan an naɗe ta.