Wanke Allo, Boko da Matambayin da Ya Ɓata

Wata malamar firamare daga Daura ta tambaya: "Malam, 'kowa ya iya allonsa ya wanke' a wurin faɗa ko siyasa kawai nake jin ta. Daga ina ta samo asali?"

Malama, daga makarantar allo ta fito. Almajiri yakan rubuta darasinsa da alƙalamin gamba da tawada, ya kai wa malam ya biya masa, sannan ya koma gefe ya yi ta maimaitawa. Ba shi da ikon wanke allon nan sai ya dawo gaban malam ya kawo karatun ba gyara. Idan ya yi tuntuɓe, allon zai kwana da rubutunsa, abokansa kuwa su yi gaba. Daga nan ne mutane suka ari maganar da ma'anar kowa tasa ta fisshe shi. Aron bai yi laifi ba, sai dai ya rufe abin da ya fi amfani a cikinta.

Ki lura da jerin kalmomin: iyawa ce ta fara zuwa, sannan wanki. Su kuma malaman tsangaya ba sa kiran abu "iyawa" don ido ya saba da shi. Wannan shi ne ramin da ɗalibanmu na yanzu suke faɗawa: yaro ya karanta shafi sau biyar, ya ga kamar ya sani, ranar jarrabawa ya zauna yana tauna biro. Da ya rufe littafin ya gwada rubuta darasin da ka, da tun a gida ya gane inda bai zauna ba. Akwai kuma tilawa, wato komawa kan karatun baya a kai a kai don kada ya zube. Da waɗannan biyun ne alaramma yake kaiwa ga rubuta izu 60 da hannunsa ba tare da ya duba ba. Ki jarraba a ajinki: minti biyar na ƙarshen darasi kowa ya rufe littafi, ya rubuta abu uku da ya riƙe. Bayan kwana uku ki sake tambayarsu abin nan dai.

Wani kuma daga Ƙofar Sauri a Katsina yana son sanin ko "boko" daga kalmar Turanci ta littafi, wato "book", aka aro ta. Kama ce kawai ta sauti. Kalmar tamu ce, tana nufin abin yaudara ko na jabu, kamar "amaryar boko" da ake sakawa a madadin ta gaskiya ranar kai amarya. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo wannan ma'ana, Farfesa Paul Newman, masanin harshen Hausa, kuma ya yi cikakken bayani a kai a 2013. Garin Katsina da yake da hasumiyar Gobarau da tarihin manyan malamai irin su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, ba mamaki mutanensa su yi wa sabon karatun Turawa kallon jabu a farko.

Tambaya ta uku dariya ta ba ni. Wani ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ce yana son rubutunsa na Hausa ya gyaru, ya rufe saƙonsa da "matambayi baya bata". Ɗana, amsarka tana cikin karin maganar da ka kawo. "Ba ya ɓata" ake rubutawa. "Baya" ita ce wadda ake goya yaro a kai, "bata" kuwa ba mu san ko "ba ta" kake nufi ko "ɓata" ba. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba ado ba ne. Su suka raba baƙi da baki, ƙafa da kafa, ɗaki da daki. Ka sa allon rubutu na Hausa a wayarka, suna nan a ciki.

Raba kalmomi ma haka. "Ita ce" mace ake nufi, "itace" kuwa na hura wuta ne. "Ba shi" umarni ne, "bashi" kuma sai an biya. Kafin ka tura rubutu, karanta shi a bayyane kamar mai biya karatu, kana furta abin da ka rubuta, ba abin da kake nufi ba. Na taɓa ganin katin biki da aka buga "amarya itace".