Ga mai son shiga kurtu don ya zama hafsa

Wa alaikumus salam. Ɗana, tun jiya na ga tambayarka: ka gama sakandare nan Sakkwato, burinka ka zama hafsan soja, wani kuma ya ba ka shawara ka fara shiga kurtu, wai in kana ciki hawa ba wuya. Na ga masu ce maka shiga kawai, Allah na nan. Allah na nan kam. Amma ni da ƙafata na bi hanyar ga, na yi shekara 20 da ɗoriya cikin kaki, na fito da igiya uku a hannu, anini, wato tauraron hafsa, bai taɓa hawa kafaɗata ba.

Ƙofar kurtu daban, ta hafsa daban. Kurtu Zariya aka saba kai shi, Defo, cibiyar horar da sabbin sojoji, a gasa shi kamar wata 6, ya fito farabiti. Daga nan las kofur, kofur, saje, har sama. Ko ka hau wannan tsanin ka kai ƙarshe, ka zama samanja da furfurarka, yaron da ya fito makarantar hafsoshi jiya da anini ɗaya, kai za ka sara masa. Ba wulaƙanci ba ne, haka aikin yake.

In kana da kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, shekarunka kuma ba su ja ba, NDA ta Kaduna, makarantar horar da hafsoshi, za ka fara nema. Ka cike JAMB ka sa ta zaɓin farko, ka rubuta jarrabawarsu ta tantancewa, in ka haye a kira ka gaban kwamitin zaɓe: gudu, gwajin likita, hira. Sojan ƙasa shekara 5 yake yi, ya fito da digiri da anini tare. Kuma jiha-jiha ake ɗauka, da 'yan jiharka za ka yi takara, kar tsoron yaran Legas ya hana ka. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta NDA ya shiga a 1975, ya kai Birgediya Janar kafin a naɗa shi a 2006. In ka faɗi bana, ka sake badi, muddin shekaru ba su rufe maka ƙofa ba.

In ba ta samu ba, ka tafi jami'ar Ɗanfodiyo ka yi digirinka, ko ka yi babbar difloma, sannan ka nemi SSC, wato ƙofar hafsa ta gajeren zango ga waɗanda suka gama karatun. Likitoci, lauyoyi, injiniyoyi da makamantansu DSSC suke bi, irin wannan ƙofar ta ƙwararru. Horon duka biyun watanni ne, ba shekaru ba.

To, mu dawo kan tambayarka. E, soja mai igiya yana zama hafsa, na ga waɗanda suka zama. Sai dai in sanarwa ta fito, takardar digiri za a tambaye ka kamar kowa, da wasiƙar amincewar kwamandanka, da fayil mai tsabta, ga kuma iyakar shekaru. A nan gizo ke saƙar. Wanda ya ce maka hawa ba wuya, ka tambaye shi yaushe za ka yi karatun. Ranar da ka sa hannu, lokacinka ya bar hannunka. Ba kai za ka zaɓi inda za a kai ka ba. Kar ka ɗauka Barikin Giginya za a ajiye ka, kana cin tuwon gida kana zuwa lacca da yamma. Yau kana Borno, gobe dajin Zamfara, ko wajen Isa da Sabon Birni inda ko waya sai ka hau tudu.

Ni sau biyu ina fara karatu ana ɗaga ni. Na uku na gama, bayan aure da 'ya'ya da rance. Na kai takarduna ofis don a sa mini hannu, fayil ya kwana kan tebur har aka rufe karɓa. Da shekara ta zagayo na koma, shekaruna sun wuce da 'yan watanni. Ban riƙe kowa a zuciya ba, rabo ne, amma daren nan ban yi barci ba. Wani da muka sha rana tare a Defo, shi Allah ya sa aka bar shi ofis yana aikin akawu, ya yi Buɗaɗɗiyar Jami'a a nutse, ya haye. Mun haɗu yana kyaftin, na ƙame na sara masa, ya amsa, sannan ya ja ni gefe muka yi dariya. Cikin waɗanda muka shiga da irin wannan niyyar, shi kaɗai na san ya samu.

Akwai wata ƙofa da ake kira EC, ta tsofaffin hannu masu manyan igiyoyi, a kai su horo Jaji a ba su anini. Girma ce, amma a makare take zuwa, hawanta kuma ba ya nisa.

Ban ce kar ka shiga kurtu ba. In gida babu halin jami'a, albashi ne, kuma aiki ne na mutunci, da shi na aurar da ƙannena. Ka dai tambayi kanka: in anini bai zo ba, zan iya rayuwa da igiya ba tare da ƙunci ba? In ka amsa e, bismillah, ka fara karatu tun kana farabiti kafin nauyi ya hau ka.

Fom ɗin kurtu kyauta ne a intanet. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya, ɓarawo ne, ko da kaki ya zo maka. Sannan tun yau ka ɗauko takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da sakamakon WAEC ko NECO, da lambar NIN, ka jera su. In nan an rubuta Muhammad can Mohammed, ko ranar haihuwa ta saɓa, je ka gyara kafin sanarwa ta fito. Ka gaida mahaifinka.